Yaron da ke cikin bidiyonka, wa ya tambaye shi?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, buɗe TikTok ko Facebook ɗinka yanzun nan, ka ba shi minti goma kacal, ka ƙirga yara nawa za ka gani. Ba waɗanda ke riƙe da waya nake nufi ba, waɗanda aka haska wa kyamara nake nufi. Ga ƙaramar yarinya an ɗora mata zancen manya tana maimaitawa, ana ta kwasar dariya a kwament. Ga yaro an kama shi da zargin ɗauke waya a kasuwa, an tuɓe masa riga, ana tambayarsa sunansa da sunan unguwarsu. Ga mai tallar awara wani ya ɗauke ta ba ta sani ba, ya rubuta cewa a nemo masa ita. Ga almajiri an miƙa masa robar shinkafa, an ce ya kalli kyamara ya yi godiya da ƙarfi.

Abu ɗaya ya haɗa yaran nan: babu wanda aka nemi izininsa. Ko da an nema ma, shekarunsu ba su kai su gane abin da suke amincewa da shi ba. Ɗan shekara takwas bai san cewa bidiyon da aka ɗauke shi yana kuka zai iya biyo shi har sakandare ba, har wurin neman aiki, har ranar da iyayensa za su je nema masa aure. Intanet ba ta mantuwa, su kuma mutanenmu ba sa gajiya da tono.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Duk inda waya ta shiga, matsalar ta shiga tare da ita. Bambancin kawai shi ne abin da kowace ƙasa ta yi a kai. Shi ya sa yau nake so mu leƙa dokokin wasu ƙasashe mu ga yadda suke kare yaransu, sannan mu dawo gida mu auna namu. Tun daga farko zan faɗa maka inda na dosa: mu ba dokar muka rasa ba, wanda zai ɗauki nauyinta muka rasa. Kuma kafin a samo shi, kai mai riƙe da wayar nan kai ne katangar ƙarshe da ta rage wa yaron.

Takarda ɗaya kowa ya sa wa hannu

A ranar 20 ga Nuwamban 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara. Ƙasashe 196 sun rattaba hannu sun kuma tabbatar da ita, abin da ya sa babu wata yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam da ta kai ta karɓuwa. Gana ce ta fara tabbatar da ita a duk duniya, a farkon 1990. Nijar ta bi sahu a shekarar, Najeriya kuma a 1991. Abin mamaki, Amurka ce kaɗai mamba a Majalisar da har yau ba ta tabbatar da ita ba.

Yarjejeniyar ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ta ce duk abin da za a yanke a kansa, maslaharsa za a sa gaba. Ta ce yana da haƙƙin a ji ta bakinsa a kan abin da ya shafe shi, yana da haƙƙin sirri, kuma ba a yarda a zubar masa da mutunci ba. Afirka ma tana da tata yarjejeniyar ta 1990, wadda ta fara aiki a 1999.

To ka ga a takarda kusan kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne a kan tambaya ɗaya: idan an cutar da yaro a intanet, wuyan wa za a kama? Amsar da kowace ƙasa ta bayar ita ce ainihin dokarta.

Amurka: daga ina 13 ta fito?

Ka tuna ranar da ka buɗe shafinka na farko, aka tambaye ka ranar haihuwa? Da yawanmu ƙarin shekaru muka yi don a bar mu mu shiga. Wannan iyaka ta shekara 13 ba likitoci ne suka zauna suka ce a nan hankalin yaro ke nuna ba. Ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 mai suna COPPA, wadda ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da izinin iyaye. Kamfanonin suka ga neman izinin nan wahala ne, sai kawai suka rubuta cewa ɗan ƙasa da 13 kada ya shigo. Wato dokar wata ƙasa ce, da aka yi tun kafin a ƙirƙiri Facebook, take yanke shekarun da ƙaninka a Gusau ko Maraɗi zai buɗe shafi.

Dokar tana cizo idan aka ga dama. A 2019 an ci tarar Google da YouTube dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara. Amma rauninta a fili yake: da zarar yaro ya yi ƙaryar shekaru, kamfani ya wanke hannunsa.

Sai dai akwai wani darasi daga Amurka da ya fi wannan amfani gare mu. A 1921 wani yaro mai suna Jaki Kugan ya fito a fim tare da Chali Chaplin, ya zama tauraron da duniya ta sani, ya tara miliyoyin daloli. Da ya girma ya nemi kuɗinsa, sai ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye kusan duka. Ya kai su kotu a 1938, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A 1939 jihar Kalifoniya ta yi doka da ake kira da sunansa, kuma a yau dokar ta wajabta a ware kashi 15 cikin ɗari na abin da yaro ɗan fim ya samu a ajiye masa a asusun da babu mai taɓawa sai ya girma. Jihar Ilinoi ta ɗauko wannan tunani ta kawo shi soshiyal midiya: daga Yulin 2024, idan yaro ɗan ƙasa da 16 yana fitowa a kashi 30 cikin ɗari ko fiye na bidiyoyin da ake samun kuɗi da su, dole a ajiye masa kasonsa, in ba haka ba yana iya kai ƙara idan ya girma.

Yanzu ka tambayi kanka: yaran da ke fitowa a barkwancin da muke kallo kullum, waɗanda saboda su ne ma ake bibiyar shafin, nawa aka taɓa ajiye musu?

Faransa: fuskar yaro ba kayan iyaye ba ce

Idan da za a ce in zaɓi dokar ƙasa ɗaya da ta fi dacewa da ciwonmu, ta Faransa zan ɗauka. A watan Oktoban 2020 suka yi doka ta musamman a kan yaran da ba su kai 16 ba da ake samun kuɗi da bidiyonsu. Idan abin ya zama sana'a, sai an nemi izinin hukuma, kamar yadda ake yi wa yaran fim da na talla. Wani kaso na kuɗin ana kai shi wata ma'ajiyar gwamnati ya jira yaron har ya kai 18. Sannan ga abin da ya fi burge ni: yaron da kansa yana iya neman kamfani ya goge bidiyonsa, ba sai ya nemi amincewar iyayensa ba.

Ba su tsaya nan ba. A Fabrairun 2024 suka ƙara wata dokar da ta sa kare hoton yaro cikin nauyin da ke kan iyaye. Dole su riƙa shawara da shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Idan uwa da uba suka saɓa a kan ɗora hotonsa, alƙali na iya hana ɗayansu ɗorawa sai da yardar ɗayan.

Ka lura da abin da dokar nan ta gane. Ta gane cewa ba kullum baƙo ne ke cutar da yaro ba. Wani lokaci mai sonsa ne, wanda bai yi da mugun nufi ba, amma layik da kuɗin talla suka rufe masa ido.

Birtaniya da Tarayyar Turai: a gyara gidan, ba a kori yaran ba

Birtaniya ta bi ta wata hanyar. Ta ce tunda yara suna ciki, kuma ba fita za su yi ba, to wanda ya gina gidan shi zai gyara shi ya dace da su. A Satumban 2021 ƙa'idojinta na tsara manhajoji don yara suka fara aiki gadan-gadan: shafin yaro ya zo a kulle tun daga farko, na'urar nuna inda yake ta zo a kashe, kuma kada a riƙa yi masa dabarun da za su sa ya saki bayanansa. A daidai lokacin ne TikTok ya daina tura wa 'yan shekara 13 zuwa 15 sanarwa bayan ƙarfe 9 na dare, YouTube kuma ya kashe wa matasa tsarin nan da bidiyo ke bin bidiyo ba tare da ka taɓa komai ba. Kana ganin haka kawai suka yi don Allah? Doka ce ta taso.

Sai kuma labarin Moli Rasel, yarinya 'yar shekara 14 da ta rasu a 2017. A 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa abubuwan da take gani a intanet, waɗanda manhajojin da kansu suka riƙa turo mata, sun taka rawa a mutuwarta. Mahaifinta bai yi shiru ba, kuma fafutukarsa na cikin abin da ya ingiza dokar tsaron intanet ta 2023, wadda ta ba hukumar Ofcom ikon cin tarar kamfani har kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da yake samu a duk duniya.

A Tarayyar Turai ma haka zancen yake. A 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayilan ta ci tarar Instagram Yuro miliyan 405 a kan yadda ya bar lambobin waya da adireshin imel na yara a fili. A 2023 ta ci TikTok Yuro miliyan 345, daga cikin dalilan har da barin shafukan yara a buɗe ga kowa. Su waɗannan kamfanoni ba sa jin wa'azi, amma suna jin tara.

Ostireliya da Chaina: a rufe ƙofa

Ostireliya ta ce ita ta gaji da lallashi. A ƙarshen Nuwamban 2024 majalisarta ta amince da dokar da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan dandalai, ta kuma fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025. Ta shafi Facebook, Instagram, TikTok, Snapchat, X da YouTube, amma ba ta shafi WhatsApp ba. Abin lura, ba yaro ake hukuntawa ba, ba kuma iyayensa ba. Kamfanin da ya ƙi ɗaukar matakin da ya dace shi ake ci tara, har kusan dalar Ostireliya miliyan 50.

Wannan hani shi kowa ya ji labarinsa. Amma akwai wani abu da Ostireliya ke da shi wanda a ganina ya fi hanin muhimmanci. Tun 2015 suka buɗe ofishin kwamishina na musamman mai kula da tsaron yara a intanet. Idan ana cin zarafin yaro, aka kai ƙara wurin kamfani bai cire ba, sai a je wannan ofishi, shi kuma yana da ikon ba da umarnin a cire cikin awa 24. Wato uwar da aka yaɗa bidiyon 'yarta ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Chaina kuwa gwamnati ce da kanta ta zama uba. Tun 2021 ɗan ƙasa da 18 ba ya buga wasannin intanet sai awa ɗaya, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ɗan ƙasa da 16 ba ya buɗe shafin yin shiri kai-tsaye. Douyin, wato TikTok ɗin da suke amfani da shi a can, minti 40 yake ba 'yan ƙasa da 14 a rana. Wannan yana yiwuwa ne saboda kowa da sunansa na gaskiya da lambar shaidarsa yake shiga intanet, gwamnati kuma tana ganin komai. Farashin ke nan.

Kafin ka ce a kawo mana irin wannan, ga Koriya ta Kudu. A 2011 ta hana 'yan ƙasa da 16 buga wasannin intanet daga 12 na dare zuwa 6 na safe. Yara suka koma shiga da shaidar iyayensu, wasannin kuma suka koma kan waya inda dokar ba ta kai ba. A 2021 gwamnati ta sanar da soke ta. Shekara goma aka yi ana gadin ƙofa, ashe yaran ta taga suke fita.

To mu fa?

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna cewa ai mu ba mu da doka. Muna da ita, har da ragi.

Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Ta ba yaro haƙƙin sirri da na mutunci. Ta hana a yi amfani da shi wajen bara ko aikin da ya fi ƙarfinsa. Ta hana wallafa duk wani bayani da zai sa a gane yaron da ake tuhuma da laifi. Sai dai saboda tsarin mulkinmu, a Abuja kaɗai take aiki kai-tsaye, kowace jiha sai ta yi tata. Jihar Kano sai a watan Mayun 2023 aka sa wa tata dokar kare yara hannu, shekara 20 bayan ta tarayya. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi dokar farko ya riga ya wuce shekarun da za ta kare shi kafin ta iso gare shi.

Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta haramta hotunan batsa na yara da kuma yaudarar yaro ta intanet don lalata da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Yunin 2023, wadda ta ce kafin a sarrafa bayanan yaro sai da izinin iyaye ko mai kula da shi, ta kuma ba mutum damar neman a goge bayanansa. Kuma kada wani ya ce maka ba ma iya tunkarar manyan kamfanoni: a Yulin 2024 hukumar FCCPC ta ci tarar Meta dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Ƙasar Gana ta ɗan fi mu fayyace abu. Dokarta ta tsaron intanet ta 2020 ta ware sashe guda a kan yara, inda ta ambaci laifukan ɗaya bayan ɗaya, har da bibiyar yaro da mugun nufi da kuma yi masa barazana da hotonsa.

Amma ga tambayar da nake so ka amsa tsakaninka da Allah. Yau idan aka ɗora bidiyon ƙanwarka 'yar shekara 12 ana yi mata dariya, ina za ka je? Wace lamba za ka kira? Wa zai sa a sauke shi kafin gobe? Yawancinmu abin da muka sani shi ne mu shiga kwament mu yi zagi, ko mu roƙi abokai su taya mu kai ƙorafi ga kamfanin, wanda sau da yawa ko Hausar da aka yi cin mutuncin da ita ba ya ganewa.

Ba wai hukuma ba ta iya sauri ba ne. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan wancan lokacin. Nan da nan aka gama. To yaushe rabonka da ka ji an gurfanar da wani saboda ya tozarta ɗan talaka a bidiyo? Idan mutuncin babba ne doka gudu take yi, idan na yaro ne sai ta kama ciwon ƙafa.

Me ya kamata mu nema?

Na san wasu za su ce a yi irin na Ostireliya kawai a huta. Ni ban ga zai yi aiki a nan ba. Kafin ka hana ɗan ƙasa da 16, sai ka san shekarunsa. Binciken MICS na 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Sannan a gidajenmu waya ɗaya mutum nawa ke taɓa ta? Layin da sunan Baba aka yi rajista, shafin na Yaya ne, amma ƙaramin gidan ne ke kwana da ita. Uwa-uba, yaran da na lissafa maka a sama yawancinsu ba su da waya ma. Ba su ne suka shiga soshiyal midiya ba, shigar da su aka yi. Ko ka kori duk yaran ƙasar nan daga TikTok, almajirin nan da mai tallar nan suna nan a ciki, a shafin manya.

Abu uku nake ganin ya kamata mu matsa a kai. Na farko, ƙofa ɗaya sananniya, irin ta Ostireliya: ofishi mai lambar waya, mai ma'aikatan da ke jin harsunanmu, mai ikon sa a sauke abin da ya tozarta yaro cikin kwana ɗaya. Na biyu, irin na Faransa da Ilinoi: duk mai samun kuɗi da fuskar yaro ya ajiye masa kasonsa, yaron kuma ya samu damar cewa a goge. Na uku, irin na Birtaniya: kariyar da kamfanonin nan ke ba ɗan Landan, a tilasta musu su ba ɗan Zariya. Manhajar ɗaya ce, don me za a bambanta?

Masu cewa a'a

Wani zai ce duk wannan tsarin Turawa ne. Haba malam! Tun kafin a haifi Majalisar Ɗinkin Duniya Bahaushe ke cewa ɗa na kowa ne. Mu ne muka tashi a gidajen da uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya. Mu ne aka koya wa rufa wa juna asiri, aka kuma koya mana cewa ɗa amana ne da za a tambaye mu a kanta. Wace al'adarmu ce ta ce ka ɗauki kukan yaro ka baza a kasuwar duniya? Baƙon abu a nan shi ne tallata yaro, ba kare shi ba.

Wani zai ce ai ɗana ne, ko ƙanina ne, ina ruwan wani? Gaskiya ne naka ne, amma riƙo aka ba ka, ba mallaka ba. Fuskar tasa ce, kuma shi zai rayu da ita bayan kai ka manta ka taɓa ɗora bidiyon.

Sai hujja ta uku, wadda ita ce mai nauyi: wani lokaci kyamarar ce ke ceton yaro. Wannan haka yake. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da mutum 76 a babbar kotun tarayya da ke Abuja a kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, kimanin 30 daga cikinsu yara ne, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Bidiyon ne ya girgiza ƙasa, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ba don wayoyin mutane ba, Allah kaɗai ya san yaushe za su fito.

Amma dubi bambancin. A can kyamarar asirin masu ƙarfi ta tona. A bidiyon yaron da aka kama a kasuwa, asirin marar ƙarfi ake tonawa. Kuma ko a inda fallasa ta zama dole, za ka iya nuna zaluncin ba tare da ka nuna fuskar wanda aka zalunta ba. Sitika ɗaya a kan fuska ba ta rage wa gaskiya komai.

Kafin doka ta iso

Doka za ta ɗauki lokaci, mun ga yadda wata ta yi shekara 20 a hanya tsakanin Abuja da Kano. Amma akwai abin da ba ya buƙatar zaman majalisa.

Kada ka ɗora fuskar yaro a halin da kai ba za ka so a gan ka ba: yana kuka, ana dukansa, ba sutura, ana tuhumarsa, ko yana karɓar sadaka. Idan taimako za ka yi, yi taimakon ka mayar da wayar aljihu, in kuma dole sai an nuna wa masu ba da gudummawa, a nuna kayan, a rufe fuskar. Kada ka bar sunan makarantarsa, ko rigar makarantar, ko ƙofar gidansu ta fito. Idan irin wannan bidiyo ya faɗo guruf ɗinku, kada ka tura gaba ko da niyyar yin Allah wadai ce, domin manhajar ba ta bambance mai tsinuwa da mai yabo, duk ƙara masa tashe kuke yi. Kai ƙorafi, sannan ka yi wa wanda ya turo magana ta gefe cikin mutunci. Idan kuma kana haɗa bidiyo da yara kana samun wani abu, buɗe musu asusu tun yau, kuma ranar da ɗayansu ya ce ba ya so, ka ajiye kyamarar.

Sannan mu da ke da katin zaɓe, idan masu neman kujerar majalisar jiha suka fara zagayowa, a cikin tambayoyin hanya da ruwa da taki mu ƙara ɗaya: dokar kare yara ta jiharmu, nawa aka ware don aiwatar da ita, kuma wa ke riƙe da ita? Wanda ya kasa amsawa, ka san bai taɓa buɗe ta ba.

Mu ne zubin farko da muka girma da waya a hannu, mun kuma san zafin a tono maka abin da ka rubuta shekara bakwai da suka wuce. Mu aƙalla da hannunmu muka rubuta. Na bayanmu kuwa, mu ne muke rubuta musu tun ba su iya karatu ba. Mu rubuta abin da idan sun girma suka gani za su sa mana albarka.